Baƙuwar Kaza a Gida: Yadda Ake Karɓarta, a Yi Jinyarta, da Abin Yi Idan Ta Mutu

Duk wanda ya saba ratsa layin 'yan kaji a kasuwar Birnin Ƙonni, ko ta Gidan Idar, ko ta Badagishiri, ya san irin kazar nan. Tana can gefen kwando, ƙafafu ɗaure da tsumma, ta kumbura gashi, ido ɗaya a lumshe, kuɗinta kuma bai kai na 'yan'uwanta ba. Mai ita yakan ɗaga ta sama ya ce, "Inna, gajiyar hanya ce kawai, ki ba ta ruwa ki gani." Inna ta juya ta, ta auna nauyinta a hannu, tausayi da araha su haɗu, ta kwance bakin zane ta biya. Kafin la'asar baƙuwar tana tsakar gida, tana shan ruwa a kasko ɗaya da kajin gida da zabi.

Bayan mako guda baƙuwar ta mutu. Wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce ta mako na biyu, lokacin da ake buɗe akurki da safe ana zaro mushe ɗaya bayan ɗaya, har da uwar 'yan tsakin da aka yi shekaru ana cin moriyarta.

Ba ta kasuwa kaɗai irin wannan kaza ke shigowa ba. Wata maƙwabciya ce ke kawo ta ajiya don ciwo ya faɗa wa kajinta. Wata kyauta ce aka riƙo daga biki ko suna. Wata yara ne suka ƙwato ta daga bakin kare ko muzuru, fiffike a yage. Akwai kuma tsofaffin kajin ƙwai na gidan gona, waɗanda ake sayarwa da rahusa idan ƙwansu ya ja baya, musamman gab da Sallah. Yankin nan kuwa mararraba ne: babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa Ƙonni da Tsarnawa da Malbaza da Galmi, hanyar Tawa ta balle daga Tsarnawa ta bi ta Badagishiri a gundumar Illela, sannan ga ɗaya Illelar, ta jihar Sakkwato, a ƙetaren iyaka, da babbar kasuwarta ta ranar Lahadi. Duk inda kaji ke yawo a kan babur da bayan mota haka, cuta ma tana samun abin hawa kyauta.

A wasu ƙasashen, karɓar irin waɗannan kaji aiki ne na musamman. A Amurka akwai Farm Sanctuary, wadda aka kafa a 1986, mai tattara dabbobin gona da aka yar ko suka jikkata tana riƙe su har ƙarshen ransu. A Ingila, Jane Howorth ta kafa British Hen Welfare Trust a 2005 don nema wa kajin ƙwai da suka gama aiki gidajen zama, kuma a 2024 kaza ta cikon miliyan ɗaya ta tafi gidan Sarki Charles. Manufarsu daban take da ta mai kiwo a Dogarawa ko Bazaga, wanda a wurinsa kaza asusu ce: kuɗin sabulu, kuɗin magani, abin yanka wa baƙo. Amma matakin farko a duk inda aka san aikin ɗaya ne, wato a keɓe baƙuwa kafin ta ga kowa.

Kwana 21 a keɓe

Cutar da ta fi share kajin karkara a Afirka ta Yamma ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Newcastle, da sunan birnin Ingila inda aka ga ɓullarta a 1926, shekarar da aka gan ta a tsibirin Java na Indonesiya. A arewacin Najeriya wasu na ce mata fakat, da yawa kuma ciwon kaji kawai suke cewa, don kowa ya san wanda ake nufi. Tana iya kashe kashi 80 cikin 100 ko fiye na kajin da ba a yi wa rigakafi ba, kuma ta fi ƙamari da hunturu. Haɗarinta shi ne, kaza tana iya ɗauke da ita kwana 2 zuwa 15, galibi 5 ko 6, tana ci tana sha ba alamar komai. Saboda haka ne masana lafiyar dabbobi ke ƙirga kwana 21 don a samu natsuwa. Lissafin ba shi da wuyar riƙewa: daidai yake da kwanakin kwancin kaza.

Wurin keɓewa ba sai an kashe masa kuɗi ba. Babban kwando a kife, da dutse a samansa, ya wadatar, ko wani tsohon akurki da ba a amfani da shi. Abin lura shi ne inda za a ajiye shi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka a kai baƙuwar kudu maso yammacin gidan, iska ta bi ta kan kajin gida kafin ta iso gare ta, ba ta kwaso daga gare ta ta kai musu ba. A zaɓi wuri mai inuwa, nesa da akurki gwargwadon faɗin gida, inda 'yan tsaki ba za su zo tsattsagar tsakin da ya zube ba.

Kaskonta daban, sakainar abincinta daban, tsintsiyar share wurinta daban. Mai kula da ita ya fara sallamar kajin gida tukuna, sannan ya zo wurinta daga ƙarshe, ya wanke hannu da sabulu in ya gama. Cutar tana bin kashin kaza da majinarta, kuma takalmi ya fi komai kwasar kashi, don haka a ware tsofaffin silifa a bar su a bakin wurin. Agwagi suna iya ɗaukar ƙwayar cutar ba tare da sun nuna ciwo ba, saboda haka baƙuwar agwagwa ma wannan dokar ta hau kanta, komai ƙoshin lafiyarta a ido.

Dubawa daga baki zuwa farce

Ranar da ta zo, a zauna cikin haske a duba ta a tsanake. A fara da ƙirji: a shafa ƙashin tsakiya da yatsa. In nama ya rufe gefensa biyu, da sauran ƙarfi a jikinta. In ya fito tsini kamar bakin wuƙa, ta daɗe tana ramewa, kuma sau da yawa tsutsar ciki ce ko yunwa. A duba ido da hanci ko akwai ruwa ko kumfa. A kara kunne a bayanta a saurari numfashi. Kaza mai lafiya ba a jin numfashinta. A buɗe baki a leƙa ko akwai fararen ƙuraje masu kama da cuku. A taɓa jakar abincin da ke gindin wuya: da safe kafin ta ci ya kamata a ji ta wayam, in kuwa ta kwana a cike tana tsami, abinci ba ya wucewa.

Sai a ɗaga fikafikai a buɗa gashin gindin wutsiya, nan ne maɓoyar ƙwarƙwata. Ƙuma kuwa takan manne baƙi ƙirin a gefen ido da zanko. A shafa mata man kaɗanya ko baselin, ƙumar za ta shaƙe ta saki. Ƙafa mai kaushi da ɓawo kamar ta tsohon kada ita ma mai take so, a riƙa shafawa kwana bayan kwana. A zuba mata toka mai sanyi gauraye da rairayi a gefe, ita da kanta za ta yi birgima a ciki.

Rauni na kare ko muzuru a wanke shi da tafasasshen ruwa da ya huce, da ɗan gishiri, a aske gashin da ke kewaye, a hana ƙuda sauka. Fatar kaza tana saurin haɗewa fiye da yadda ake zato. Irin wannan kazar ce ta fi kowace tashi, muddin haƙori bai huda ciki ba.

A ƙarshe a shimfiɗa mata tsohon buhu ko kwali a ƙasa, don da safe a ga kalar kashinta. Wannan shi ne labarin da ba ta iya ɓoyewa.

Ruwa kafin abinci

Kazar da ta yini a ɗaure cikin rana ƙishirwa ce ke fara kashe ta. A haɗa mata ruwan gishiri da sukari irin wanda ake yi wa yaro mai gudawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ba ta kwana ɗaya ko biyu, sannan a koma ruwa zalla. In ba ta iya sha da kanta, a tsoma bakinta a ciki, ko a ɗiga mata a gefen baki kaɗan-kaɗan. Kada a ɗaga kanta a ɗura, domin ƙofar numfashinta tana nan gindin harshe, kuma kaji da yawa ɗura ce ta kashe su ba ciwo ba.

Abinci ya zama mai laushi: dusar gero ko ta dawa da aka jiƙa, tsaki, dafaffen ƙwai da aka marmasa, ɗan ganyen zogale, da gara in an samu. A ba da kaɗan, a kwashe saura kafin ya yi tsami. Da hunturu a rufa wa kwandon buhu da dare, a bar kafar shan iska. Da bazara kuwa, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a Ƙonni, a tuna cewa kaza ba ta gumi. In ta buɗe baki tana haki, fikafikai a ware, a yayyafa wa ƙasan wurin ruwa, a sauya na kasko sau da yawa.

Tsohuwar kazar gidan gona tana da nata hali. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 12 ta kwanta, sau uku ko huɗu a shekara. Ta gona kuwa an ƙirƙiro irinta ne don ta zuba wajen 300 a shekara, kuma kowane ɓawon ƙwai daga jikinta yake zuƙar sinadarin ƙashi. Shi ya sa take zuwa da ƙashi mara ƙwari, gashi a tsige, ba ta san tono ba, ba ta san gudun shirwa ba. A ƙona ƙashi ko a gasa ɓawon ƙwai a daka a riƙa barbaɗa mata a abinci. In cikinta ya kumbura ya yi ruwa-ruwa, tana tafiya a gantsare, ko mahaifarta ta leƙo waje tana komawa tana fitowa, wannan ciwon hanyar ƙwai ne. Ba ya yaɗuwa, amma da wuya a warkar da shi a gida, kuma mai ita ya san cewa kwananta ba yawa ko da an yi mata komai daidai.

Alamun da ke cewa a dakata

Koren zawo mai ruwa, haki da kakari, kaza ta tsaya cik tana gyangyaɗi, fikafikai sun zube kamar ta yafa babbar riga, daga baya wuya ya murɗe tana kallon sama ko tana juyawa wuri ɗaya: waɗannan alamun Newcastle ne. Ba ta da magani. Kafso mai launi biyu da ake saya a tebur a kwance a ruwan kaji ba ya taɓa ƙwayar bairos, sai dai ya bar saura a nama da ƙwai, ya kuma koya wa wasu cututtukan jure magani. Barkono da ɓawon maɗaci da gautan kaji da kakanni ke jiƙawa ba su hana ta aikinta. Kazar da ta tashi bayan an ba ta su, da ma mai tashi ce.

Akwai wadda ta fi wannan. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 an fara tabbatar da ita a Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji, jihar Kaduna, a Fabrairun 2006, kuma kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magariya, jihar Damagaram. Tun daga nan takan ɓulla ta lafa a Najeriya da Nijar. Tana iya kama mutum. Kaji sukan faɗi farat ɗaya, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, ƙwauri ya yi jajayen tabo. Ko likita ba ya iya raba ta da Newcastle da ido, sai an kai samfur ɗakin gwaji irin na LABOCEL da ke Yamai. Don haka in kaji da yawa suka mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, ko zabi da agwagi da talo-talo suka shiga ciki, a garzaya ofishin ma'aikatar kiwo na gunduma, ko wurin likitan dabbobi mai zaman kansa na tsarin SVPP da mataimakansa na ƙauyuka.

A nan ne al'ada ke karo da lafiya. Da an ga kaza ta fara layi, abin da aka saba shi ne a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, sauran kuma a ɗure su a kwando a kai kasuwa. Ta haka ne kazar da ke gefen kwandon nan ta iso Ƙonni tun farko. Kazar da ta karye ko ta ji raunin da ba zai warke ba, ba laifi a yanka ta a hutar da ita, a ci. Mai alamun annoba kuwa, fige ta da gyaran cikinta su ne suka fi komai watsa cuta: gashi ya bi iska, hanji ya tafi bola, ruwan wanki ya kwarara inda 'yan tsaki ke sha.

Idan ta mutu

Kada a ɗauke ta da hannu tsirara. A zura hannu a leda, a kama ta, a juyo ledar ta rufe ta, a ɗaure. Kada a jefa ta bola, ko bayan katanga, ko gulbi, domin kare da angulu za su yi ta ja har ƙofar wani.

A haƙa rami mai zurfin kusan mita 1, nesa da rijiya da wurin kiwo. Masu zama a kwarin Maggiya da gefen fadamun albasa su ƙara kula, saboda ruwan ƙasa a can kusa yake; gara a nemi tudu. A saka mushen, a haɗa da gashin da ya zube, da kashin da aka share, da ragowar abincinta. A zuba farar ƙasa ko toka mai yawa, a mayar da ƙasa a tattake, a ɗora duwatsu ko ƙaya. In akwai itace, ƙonewa ƙurmus ma ta yi.

Kwandon da ta zauna a ciki da buhun shimfiɗa a cinna musu wuta, ba su kai kuɗin kaza ɗaya ba. Akurkin laka a share shi, a cusa kara ko ciyawa a ƙona a ciki har bangon ya ɗauki zafi. Kasko da sakaina a wanke da omo, a jiƙa a ruwan jabel, a kife a rana. Ƙwayar cutar tana iya yin makonni a cikin kashin kaza in wuri na da sanyi da inuwa, amma sabulu da zafin rana suna kashe ta. A kankare saman ƙasar wurin a zuba cikin ramin. Daga nan a rufe kajin gida, a daina sayarwa, a daina kyauta, a daina kawo sabuwa, har kwana 21 su wuce ba wadda ta sake faɗuwa. A kuma gaya wa maƙwabta gaskiya, don su ma su tsare nasu.

Sau da yawa kazar ta yaro ce, ko ta wata tsohuwa da ta saba raba tsaki da ita kowace safiya. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma ba a ce yana hana jin zafi ba. Yaron da ya yi kwanaki yana ɗiga wa kaza ruwa a baki zai yi kuka, kuma zai so ya rungume ta. A hana shi taɓawa, amma a bar shi ya tsaya a bakin ramin, a nuna masa sauran kajin da ke yawo lafiya a ce masa kwandon da ya taya kifewa ne ya tsare su. In hali ya yi, a yi masa alkawarin tsako daga ƙyanƙyasa mai zuwa.

In kuwa baƙuwar ta cika kwanakinta lafiya, a ba ta maganin tsutsa daga wurin likitan dabbobi, a yi mata rigakafi, sannan a saka ta akurki da dare lokacin da sauran ke barci. Da safe za a ɗan yi tsattsaga kafin kowa ya san matsayinsa. A ƙara kasko na biyu don kada a hana ta ruwa.

Kafin hunturu ya kama

Gidan da aka yi wa kajinsa rigakafi shi ne ke iya karɓar baƙuwa hankali kwance. Rigakafin Newcastle iri biyu ne aka fi sani a karkara. Akwai na allura, irin ITA-New, wanda ake yi wa kaza rabin mililita, kariyarsa ta kai wata shida. Yana son sanyi amma ba ya son ƙanƙara. Akwai kuma I-2, wanda masana a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka samar don ƙauyukan da ba firji: ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya ne a ido, babba da tsako duka, a maimaita bayan wata huɗu. Ba a yi wa kaza mara lafiya, kuma sai bayan kamar mako biyu kariyar ke kama jiki. Wanda ya jira sai ciwo ya shigo unguwa ya makara, kuma shi ne daga baya zai ce allura ce ta kashe masa kaji. Lokacinsa shi ne kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan an kai gero rumbu, kafin ƙura ta taso.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, kuma in an buɗe ta ba ta jira, don haka unguwa ke haɗuwa a sa rana. Tun daren jajibiri kowa ya toshe bakin akurkinsa, waɗanda ke kwana a kan bishiya a kamo su da tocila. Da asuba mai rigakafi zai iso da kwalbarsa cikin kula ko naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya tsaya a inuwa, ana miƙo masa kaji ɗai-ɗai, wadda aka yi wa a sake ta. Gidan da ke da mara lafiya a faɗa masa tun daga zaure, ya tsallake shi, kada ya kwashi cuta a takalmi ya raba wa gari. Kafin ya wuce a tambaye shi ranar dawowa, a rubuta ta da gawayi a jikin bangon akurki.